Daminar da Aka Yarda da Na'Allah

A ƙauyenmu da ke bayan Bodinga, in kana so a ce maka rana ba ta fito ba, sai ka je ka yi wa Na'Allah barka da hantsi. Dogon mutum ne siriri mai ɗan gemu a tsinin haɓa, kuma tun da aka yaye shi ba a taɓa jin ya gaskata wani ba. In an ce albasa za ta yi tsada, zai rantse kyauta za a raba ta. In an ce ana zafi, sai ya aika gida a kawo masa bargo. Ko ranar ɗaurin aurensa da Saratu, da liman ya ce an ɗaura, sai da kawunsa ya danne masa gwiwa don kada ya yi magana.

Shi ya sa muke kiransa Ba-haka-na-ba, kuma babu abin da yake so a duniya kamar wannan suna. A teburin Sama'ila mai shayi kowa kan benci yake zama, shi kuwa yana da wata tsohuwar tayar mota da ya kafa can gefe, daga nan yake harbo mana gardama.

"Ku tumaki na," haka yake ce mana. "In guda ta hwaɗa rijiya sauran su bi ta. Ni kau ko hanyar Makka ta, in na ga kun cika ta, daji nika bi."

Mukan yi masa ca, shi kuma ya yi ta washe baki. Da haka muke zaune lafiya, har bara ta zo ta ɓata komai.

Bara da ruwan farko ya sauka, gari duka ya fita shuka. Na'Allah ya shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro ya kwanta, ba don ya san wani abu ba, sai don ya ga kowa ya tafi. Sai ga fari. Shukarmu ta fito ta ƙone ƙurmus. Ranar da muka haƙura muka zauna muna tagumi, ranar ya saɓi sungumi ya nufi gona, shi ma don ya ga kowa a zaune. Washegari ruwa ya kece, bai sake ɗaukewa ba. Da kaka geronsa ya yi zangarniya kamar damtse, mu kuwa sai abin da ba a rasa ba. Faɗuwa ce kawai ta zo daidai da zama, amma wa zai gaya wa mai yunwa haka? Gari ya yanke cewa Na'Allah yana ganin ruwa tun yana gabas.

Ya yi kwanaki yana cika baki, yana cewa ai dama ya faɗa. Bai san abin da ya janyo wa kansa ba sai wata safiya da ya kurɓi shayi ya ɓata fuska.

"Shayin ga ba shi da daɗi."

Sama'ila, wanda a da zai ɗauko ludayi ya yi kansa, sai ya ɗanɗana ya gyaɗa kai. "Haka na, Malam. Ni ma tun da sahe nika jin hakanan."

Na'Allah ya yi turus. "A'a, shina da daɗi!"

"Yanzu kau da kah hwaɗi, ya yi daɗi," in ji Sulaiman maƙwabcinsa, sauran jama'a suka amsa, "Haka na."

Daga ranar duniya ta yi masa ƙunci. In ya ce fari a ce fari, in ya juya ya ce baƙi a ce ai dama akwai duhu-duhu a jikinsa. Aka janyo benci kusa da tayarsa. Ya matsa, aka matso. Kafin wata ya mutu kowa ya samo tasa tayar, har mai faci na Bodinga ya fara tambaya ko wani sabon magani ake haɗawa da su a garinmu. Na'Allah ya rame, gemun ya yi laushi, tuwo ma sai Saratu ta yi da gaske yake ci. Wallahi har tausayi ya ba ni, sai dai ni ma ina kan tawa tayar.

Ana haka daminar bana ta faɗi. Ruwa ya zuba, ya sake zubawa, ƙasa ta jiƙa sharkaf. Ƙauyukan da ke kewaye da mu duk suka yi shuka. Mu kuwa ko sungumi ba wanda ya taɓa, an zuba wa ƙofar gidan Na'Allah ido. Shi kuma yana ciki yana leƙenmu ta kafar zana, yana jira mu shuka don ya ƙi.

Saratu mace ce mai haƙuri, amma haƙurinta yana da gindi. Ta same shi a tsakar gida.

"Malam, damana na tahiya. Na leƙa rumbu yau, ƙasa nig gani. Hatsin bara rabi ka raba shi wurin cika baki. In ba a shibka cikin satin ga ba, da mu da garin ga duka sai mu ci taya."

"Ke ba ki gane ba. In na shibka, su shibka. In mun shibka rana guda da su, to ni wa na?"

"Kai na mijin Saratu, mai cin tuwo da miyar kuka."

"Wanga kowa na iya zama shi!"

"Kowa?" in ji Saratu, ta ajiye muciya.

Ya ga maganar za ta canza hanya, sai ya zura takalmi ya fice. Ya ji labarin wani dillalin awaki a Shagari, Attahiru, wanda aka ce ko da inuwarsa ba sa shiri. Ya ce lallai can zai samo gardama ko ta kwano ɗaya ce, ya ji daɗin bakinsa. Ranar kasuwa ya shiga mota. A hanya ya ce direba gudu ya yi yawa, wani fasinja ya gane shi, nan take mota duka ta goyi bayansa, direba ya koma tafiyar hawainiya har jaki ya wuce su. Ya ce to ai wannan rarrafe ne, aka ce haka na, direba ya taka. Da ƙyar suka isa da rai.

Ya tarar da Attahiru a kasuwar dabbobi riƙe da igiyar wata akuya. Gajere ne mai faɗin hanci, ya dubi Na'Allah sama da ƙasa.

"Kai na Na'Allah da aka ta yabo? Kowa na cewa kana ganin ruwa tun bai taso ba. To ni na ce ba ka san komi ba. Wawa na kai, sa'a ta kac ci."

Na'Allah ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ka har tafin ƙafa. Idonsa ya kawo ruwa. Kafin ya ankara bakinsa ya suɓuce.

"Haka na! Wallahi haka na, ɗan'uwa!"

Dukansu biyu suka daskare. Attahiru ya ja da baya kamar ya taka wuta.

"Mi kac ce? Ka yarda da ni? To na janye. Malami na kai, babba kau!"

"Ba haka na ba! Wawa nike!"

"Mai hankali na kai!"

"Ni kaka ce ma mai hankali? Maimaita in kana da uwa!"

Suka ci kwalar juna, akuya ta kuɓuce ta afka cikin tallan gyaɗa, kasuwa ta taru. Da aka raba su aka ji musabbabin faɗan, wani dattijo ya share hawaye ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin tawali'u irin wannan ba, mutum ya yi dambe don kada a yabe shi. Labarin ya riga Na'Allah isa gida. Da ya sauka daga mota da yagaggiyar riga, har waɗanda a da suke shakka yanzu sun sallama.

A nan ne ya ƙulla babbar dabararsa. Ya kira Saratu, ya rage murya, yana shafa gemu.

"Gobe Jumu'a da sahe in ɗauki sungumi da ƙwarya in tai gona. In yi sara, in duƙa, in taka, amma ko ƙwara guda ba ni sakawa. Su gani su aza na shibka, su ruga su shibka nasu. Jibi in hau taya in ce musu kun shibka, ni ban shibka ba. Kin ga kai?"

"Na ga kai," in ji Saratu. "Abin da ke ciki na ban gani ba."

Da safe ya fito yana kakkaɓe ƙwarya don a ji. Ya ratsa ta gaban teburin shayi, ya yi gyaran murya, ya nufi gona. A garinmu shuka aikin mutum biyu ne, namiji ya yi gaba yana sara, iyali su biyo da iri suna jefawa suna takawa da diddige. Shi kuwa shi kaɗai ya yi ta yi, ya sara, ya dawo ya duƙa, ya taka, gumi har cikin ido. Abin da ya manta shi ne Sulaiman yana da idon shaho. Yana laɓe a bayan wata sabara, ya ga hannu yana shiga ƙwarya wayam yana fitowa wayam. Ya rugo gari yana haki.

"Jama'a, sirrin ya hito! Ba a saka iri! Buɗe ma ƙasa baki aka yi ta sha iska tukuna!"

Kafin hantsi ya yi zafi maza duka suna gona, ana sara, ana duƙawa, ana taka wofi da natsuwa kamar masu aikin lada. Aka gama, aka yi wanka, aka ɗunguma masallacin Juma'a na Bodinga, gari ya rage sai mata da kaji.

Washegari Na'Allah ya sa rigarsa ta Sallah ya hau taya ya tsaya a tsaye.

"To tumaki! Kun shibka?" Ya bushe da dariya. "Ni ban shibka ba! Ko ƙwara!"

"Mu ma haka, Malam," in ji Sulaiman cikin ladabi. "Ko ƙwara."

Taya ta murgina, Na'Allah ya zauna daɓas cikin taɓo da rigar Sallah. Wasu samari biyu suka dubi juna, suna shawarar ko su ma su zauna.

Mai hankali da nan zai tsaya, amma mai hankali ba shi ake ba labari ba. Bayan 'yan kwanaki ya sake ɓullo da wata. Tunda idon Sulaiman yana ganin hannu, to zai jefa iri na gaske, sai dai soyayye, wanda ko an shekara ana ruwa ba zai tsiro ba. Ya ce Saratu ta soya masa. Ta ce ita uwarta ba ta koya mata soya iri ba, kuma ba a murhunta ba. Sai ya ɗauki kasko ya hura wuta a zaure, ya zauna yana juyawa yana yi wa kansa kirari. Ƙamshin soyayyen gero kuwa ba ya neman izini kafin ya shiga gidan maƙwabci.

Ya gama, ya juye a ƙwarya, ya fito zai tafi gona, sai ya ga hayaƙi. Ƙofar gidan Sulaiman wuta, ƙofar gidan Sama'ila wuta, har ƙofar gidan Hakimi an girka babban kasko. Kowane magidanci ya karɓo abin da matarsa ta miƙo masa da sunan iri, yana tsugune yana fifita.

Duk wautar Na'Allah, ɗan manomi ne. Ya san abin da ake nufi da gari ya soya irinsa a tsakiyar damina. Ƙwaryar ta faɗi daga hannunsa. Ya tattare riga ya zura da gudu.

"Ku kashe! Ku kashe wuta! Ba haka na ba!"

Ya shuri kaskon Sulaiman, ya ƙone a babban yatsa, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya faɗa kan tulun Inna Hussaina, tsohuwar da ke sayar da ƙuli a bakin hanya. Tulu ya fashe, awaki suka yi wa geron da ya zube rubdugu, kaji suka biyo baya.

"Shuri aka yi in ya soyu?" Sama'ila ya tambaya, yana gyara tsayuwa a gaban nasa kaskon.

"Kada ka shura! Kada ka soya! Kada ka yi komi!"

Da haka ya iso ƙofar Hakimi, jiƙe, yana ɗingishi, gari duka a bayansa. Ya zube.

"Ranka shi daɗe, a hana su! Ban san komi ba. Bara ƙiyayya ta ta hana ni shibka, ba sani ba. Saran wohi da niy yi, don in yaudare su na. Soyayyen iri ba shi hita, ko jariri ya san haka!"

Hakimi ya jinjina kai ya dubi jama'a. "Kun ji irin abin da anka ba mu labari daga Shagari. Mutumin ga ba shi son yabo."

"Haka na, ranka shi daɗe!"

Na'Allah ya ɗora hannu a ka. "To ku taho gonata ku gani da idonku! Ƙasa ta jajir, ba komi cikinta sai wautata!"

Ya yi gaba yana ɗingishi, muka bi shi, mata ma suka yafa mayafi suka biyo, har da Inna Hussaina tana bin bakin tulunta da tsinuwa. Tun ranar saran wofi ba namijin da ya leƙa gona, don me za a je gani? Muka sha kwanar sabarar nan, Na'Allah ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba.

"Ga ta nan! Ku gani!"

Muka gani. Gero ne ya tsiro layi-layi, kore shar, kowane rami da nasa, iska tana kaɗa shi.

Sulaiman ne ya fara waiwayawa wajen tasa gonar da ke maƙwabtaka. Ita ma kore. Ta Sama'ila kore. Har iyakar ganin ido, duk inda aka yi saran wofi ya fito.

"La ilaha illallahu," in ji Sama'ila. "Iskar ta haihu!"

"Iskar gidanku," in ji Inna Hussaina. "Da kunka tai Jumu'a, Saratu ta bi gida-gida ta tara mu. Munka kwashi iri munka bi sawun diddigenku rami-rami. Kun yi muna sara mai kyau, Allah shi yi albarka, iyakar amfaninku ke nan. Abin da kuka soyawa kau tsakin kaji na, iri na cikin ƙasa."

Maza suka sunkuyar da kai, kowa yana duban yatsun ƙafarsa. Na'Allah ya juya a hankali ya dubi matarsa.

"Saratu. Gonata da tasu, rana guda?"

"Rana guda, Malam. Ƙwarya guda ma, don irin wajen Sulaiman ya ƙare sai da na ƙara musu da namu."

Sai Sama'ila ya yi maganar da ta fi shurin kasko zafi. Ba da mugunta ya yi ta ba, mamaki ne kawai. "Ashe Na'Allah dai awa kowa shike, bai bambanta da mu ba."

Na ga fuskar mutumin nan ta canza, kuma a nan na daina dariya. Shekara da shekaru ba shi da shanu, ba shi da sarauta, ba shi da karatu, abin da ya mallaka kawai shi ne ba a haɗa shi da kowa. Ya fizgi fartanya daga hannun wani, ya shiga gonar, ya tsaya a kan layin farko ya ɗaga ta sama.

"Awa kowa? Yanzu kau in tuge shi duka! In ga wanda za shi ce mun yi daidai!"

Yana duban 'yan tsiron nan, kuma mun san rumbun da ya bari a gida yake gani. Hakimi ya buɗe baki zai ce kada ya kuskura, mu ma duk abin da ke bakinmu ke nan, kuma da mun faɗa da gonar ta tafi. Saratu ce ta riga mu.

"Tuge shi, Malam!" ta ɗaga murya. "Tuge! Ai abin da kowa ka so ke nan!"

Ta juyo ta zare mana ido. Inna Hussaina ce ta fara ganewa. "Tuge shi, ɗan nema!" Sai Sulaiman, sai Sama'ila, sai gari duka har da Hakimi, murya ɗaya, "Tuge! Tuge!"

Na'Allah ya tsaya da fartanya a sama. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, gemun nan ya fara miƙewa. Ya dubi Saratu, ita ma ta dube shi, kuma na rantse ya san abin da ta yi. Ya sauke fartanyar a hankali ya dogara a kanta.

"Ba ni tugewa," ya ce. "Ku kashe ni. Kuma geron ga ba irin naku na ba, nawa ya hi kore."

"Ƙarya kaka yi!" in ji Sulaiman. "Ƙwarya guda anka ɗiba!"

"Ba haka na ba!"

"Kai dai mahaukaci na, ka sa mun soya ma kaji abinci!"

Aka yi masa ca, wannan na zagi, wancan na nuna shi da yatsa, Inna Hussaina na neman tulunta. Shi kuwa yana tsaye a tsakiyar geronsa, yatsa a kumbure, riga duk taɓo, yana washe baki kamar an ba shi kujerar Makka. Can ya leƙo ta saman kawunan jama'a ya ƙwala wa matarsa kira.

"Saratu! Tai gida ki aza tukunya, yunwa nika ji."

"Tuwo za ni yi, Malam, kamar na kowane gida."

Ya shafa gemu.

"To ki sa a akushi daban," ya ce.